Yadda Na Ɓata Kwamfutar Ofis Aka Kama Rifkatu

Kun tashi kuna jin ana cewa an mayar da ni Sule Tankarkar ne saboda na tsaya wa gaskiya. Kawunku Ado ya fi kowa yaɗa wannan magana, kowace sallah sai ya ƙara mata gishiri, har ta kai ni kaina idan yana bayarwa nakan saki baki ina sauraro kamar labarin wani. Ban taɓa ƙaryata shi ba, domin yabo da daɗi, kuma mahaifiyarku da ta san yadda abin yake ba mai tona asirin miji ba ce. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, ni kuma idona ya fara rauni. Bari in rubuta muku abin yadda ya faru tun ina iya riƙe alƙalami.

A lokacin ni ne shugaban sashen rajista a wani ofishin aikin gona na shiyya da ke Gumel, wanda ke kula da Gumel ɗin da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Rajista ita ce ƙofar ofis. Duk takardar da za ta shiga sai ta bi ta hannuna, in buɗe ta, in karanta, in buga mata hatimi, in ba ta lamba, in shigar da ita littafi, sannan in ce wannan ta teburin wane ce. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki, kuma ina da zafin rai a kansa. Ko manaja aka tare a hanya aka miƙa masa wasiƙa, ya san sai ya kawo mini ita kafin ya karanta. Masinjoji a bayan idona Sabo Hatimi suke kirana, suna tsammanin ban sani ba, alhali sunan daɗi yake yi mini.

Kamar shekara bakwai bayan an ba mu jiha aka kawo mana kwamfuta daga Dutse, guda ɗaya tak. Aka ware mata ɗaki, aka sa labule da fanka, aka ɗinka mata riga, kuma ba a shiga wurinta da takalmi. Mutum ɗaya aka tura Kano ya koyo ta, ita ce Rifkatu, mai buga mana tafireta. Rifkatu 'yar Filato ce, Kirista, ta zo Gumel da mijinta ma'aikacin asibiti, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Da yake ba 'yar jiha ba ce, aikinta na kwangila ne, duk shekara sai manaja ya rubuta rahoto a kanta kafin a sabunta. Baba take kirana. Makullin ɗakin biyu ne, ɗaya a wurinta, ɗaya a wurina, domin duk makullan ofis ni ke riƙe da na biyunsu. Wani lokaci in na leƙa sai ta ce in zauna, ta ɗora mini hannu a kan abin nan da ake ja a tebur, wanda kuke kira linzami, ta nuna mini yadda ake buɗe wasiƙa a karanta. Abin da na koya bai cika cokali ba, amma na ɗauka na iya.

Wata Litinin cikin bazara, gab da faɗuwar ruwa, aka kawo ambulan daga Dutse. A ciki akwai ƙananan faya-fayai guda biyar masu kusurwa huɗu, da wasiƙa mai cewa sabuwar manhaja ce ta rajistar rigakafin dabbobi, injiniya zai zo ranar Laraba ya sa ta, kada kowa ya taɓa. Na karanta wasiƙar, na buga hatimi, na ba ta lamba. Sai na tsaya ina juya faya-fayan a hannu. Ga abu ya shigo ofis ta ƙofata, kuma ban san abin da ke cikinsa ba. Tunda na fara aiki ban taɓa wuce da abin da ban karanta ba, kuma a ganina maganar kada kowa ya taɓa da sauran ma'aikata ake, ba da rajista ba. Rifkatu ta tashi daga aiki da wuri ran nan, ɗanta ba shi da lafiya. Janareta na aiki saboda manaja yana da baƙi. Na ɗauki makulli, na cire takalmi, na yaye wa na'ura riga, na kunna ta, na zura faifan farko yadda na ga ana yi.

Na ga sunayen fayiloli. Na zaɓi babban cikinsu, na bi hanyar da Rifkatu ke bi idan wasiƙa ta ƙi buɗuwa, sai na'ura ta tambaye ni da Turanci da me nake so a buɗe shi. Na zaɓi ɗan allon rubutu da muke karanta wasiƙu a ciki. A ƙasa akwai wani ɗan akwati, an rubuta a gefensa cewa kullum a riƙa buɗe irin wannan fayil da wannan abu. Wallahi har murmushi na yi, na ce ashe Baturen da ya ƙera ta ya san aiki. Haka ƙa'ida take, in ka yanke cewa irin wannan takarda teburin wane take zuwa, to kullum can za ta. Na sa wa akwati alama. Abin da ya fito a allo ba rubutun mutane ba ne, wasu ƙananan zane-zane ne da haruffa a hargitse, shafi bayan shafi. Na duba iya dubawa, na rufe, na zare faifai, na mayar wa na'ura rigarta. A littafina, gaban lambar ambulan, na rubuta “an duba”, na tafi gida hankalina kwance.

Ku da kuka tashi da waya a hannu za ku fi ni saurin gane ɓarnar da na yi. Kowane fayil yana da haruffa uku a wutsiyar sunansa, da su na'ura ke sanin inda za ta kai shi. Wanda na buɗe ba na karantawa ba ne, irin waɗanda ke yin aiki ne, kuma duk manhajojin da ke cikin kwamfutar wutsiyarsu ɗaya da tasa. Da wannan 'yar alama na umarci na'ura cewa daga yau duk wani mai aiki a kai shi allon rubutu a baje shi. Ita kuwa ba ta musu.

Washegari da hantsi Rifkatu ta fito ba ko takalmi, ta tsaya a gaban teburina.

“Baba, zo ka gani. Duk abin da na taɓa, shirme yake fito mini. Jiya lafiya lau na bar ta.”

Na bi ta. Tana taɓa wani abu, sai ga irin zane-zanen jiya sun cika allo. Nan take na gane aikina ne. Ta juyo tana kallona. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

“Ikon Allah! Ko wuta ce ta yi mata yawa?”

Ranar Laraba injiniya ya zo, mutum mai gajen haƙuri, da jaka da taye a wuya cikin wannan zafi. Ya zura faifai, manhaja ta ƙi shiga, sai shirme. Ya nemi abin da ake gyara da shi a cikin na'urar, shi ma ya buɗe masa shirme, domin wutsiyarsa ɗaya da sauran. Ya yi ta fama har azahar, gumi ya jiƙa masa riga, sannan ya miƙe ya ce wa manaja wannan ba lalacewa ba ce, hannu aka sa. Manaja ya ce mutum ɗaya ke taɓa ta. Injiniya ya tambayi Rifkatu ko tana shigo da faya-fayan waje. Ta ce sau ɗaya ta buga takardar bikin majami'arsu, kuma da izinin manaja. Manaja ya ce shi bai tuna ba. Ina tsaye a bakin ƙofa duk ana wannan, da makullina a aljihu, ba wanda ya ko kalle ni. Kafin a tashi aka rubuta mata takardar tuhuma, aka dakatar da ita, aka karɓe makullinta. Injiniya ya ce zai dawo bayan mako biyu ya ɗauki na'ura zuwa Kano a goge komai. Kwangilar Rifkatu kuwa ƙarshen watan nan take ƙarewa, kuma kowa ya san irin rahoton da manaja zai rubuta. Takardar tuhumar ta bi ta teburina kamar kowace takarda, ni na buga mata hatimi na ba ta lamba.

Daga ran nan zama ya gagare ni. A ofis in zauna in tashi, in je famfo in dawo, in buɗe fayil in rufe ban san abin da na karanta ba. In na wuce ɗakin kwamfuta sai in ƙara sauri. Ina ta yi wa kaina lissafi. In ce ai ba za su kore ta ba, tsoratarwa ce. In ce ni saura wata huɗu a ƙara mini girma, ga ku bakwai a gabana. In ce mutum mai furfura, wanda ya sha yi wa masinjoji tsawa a kan taɓa abin da ba nasu ba, ya tashi a gaban yara ya ce shi ne? Wannan na ƙarshe shi ya fi riƙe ni, ba zan ɓoye muku ba. Kunya ce da girman kai, ba tsoron yunwa ba. Da an tashi daga aiki sai in hau keke in shiga gari neman wanda ya san kwamfuta. Na je wurin mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, ya ce in kawo ta ya buɗe bayanta. Na je wurin wani malamin kwaleji, ya ce sai dai a goge. Kowa nakan ce masa wani ne ya yi.

A gida mahaifiyarku ta zuba mini ido kwana huɗu. Ran Asabar da yamma ta ga na ja tabarma daga gindin darbejiya zuwa bakin zaure, na dawo da ita, na sake ja, tuwo na gefe yana sanyi.

“Malam, tabarmar nan cinnaku gare ta ne?”

“Zafi ne, Uwani.”

“Zafin bana kai kaɗai ya sama? Shekara ashirin ina tuƙa maka tuwo, ban taɓa ganin ka bar miyar kuka ba sai makon nan. Me ka yi?”

Ba ta ce me ya same ka ba, cewa ta yi me ka yi. Na gaya mata duka. Ta daɗe tana tsince shinkafa ba ta ɗago ba.

“Babbar 'yar matar nan ajinsu ɗaya da Hadizarmu,” in ji ta. “Jiya ta zo nan, ta ce wai ƙila su koma garinsu.”

“Zan nemo mai gyara. In na'ura ta tashi, magana ta mutu.”

“Ta mutu a wurin wa?”

Na yi mata faɗa, na ce mata ba su san sha'anin ofis ba. Ta ce haka ne, ta ɗauke tuwonta. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, amma daga ran nan ta daina tambayata yaya aiki idan na dawo, kuma wannan ya fi faɗa ciwo.

A mako na biyu direban ofis ya ce mini akwai wani mutumin Damagaram a Maigatari, Isufu, mai yi wa fatake takardun ƙetare iyaka da kwamfuta, an ce har Turawa ya yi wa aiki. Ranar Alhamis, ranar kasuwa, na ce wa manaja zan je gaisuwar rasuwa, na shiga mota. Ban taɓa jin hanyar Maigatari ta yi mini nisa irin ran nan ba. Na kutsa tsakanin shanu da raƙuma da 'yan ƙwadago, ina tambaya, har aka nuna mini wani ɗaki a bayan shagon buhuna. Isufu siriri ne, dattijo, da tabarau a kan hanci da butar shayi a gefen ƙafa. Na jira ya sallami mutum shida ina tsaye, ya yi mini tayin benci sau biyu na kasa zama. Da na gama yi masa bayani sai ya cire tabarau. Shi da Faransanci ya saba, kwamfuta ordinatar yake ce mata.

“Bon. Ordinatar ba ta yin haka don kanta, Malam. Umarni aka ba ta. Wa ya ba ta?”

“Wani ne a ofishinmu.”

“Wanin nan, da ya buɗe fayil ɗin, ya ga ɗan akwati a ƙasa?”

“Ya gani.”

“Ya sa masa alama?”

“Ina jin ya sa.”

“Kana ji, ko kana wurin?”

Ya yi dariya har da buga cinya, ya zuba mini shayi, ya ce in kwantar da hankalina, shi ba alƙali ba ne. Ya ce ba abin da ya lalace, ba kuma abin da za a goge. Na'ura tana da babban littafi a cikinta inda take rubuta kowane irin fayil da inda ake kai shi, layi ɗaya ne aka canja a ciki. Wahalar ita ce abin da ake buɗe littafin da shi ma umarnin ya kama shi. Dabara sai a bi ta baƙar taga, inda ake buga wa na'ura umarni da hannu, wadda wutsiyar sunanta daban ce, don haka alamar ba ta shafe ta ba. Daga can a kwafi mabuɗin littafin a ba shi irin waccan wutsiya, sai na'ura ta bar shi ya yi aiki, a shiga a mayar da layin yadda yake. Ya yage takarda ya rubuta mini matakan ɗaya bayan ɗaya. Na roƙe shi ya bi ni Gumel, ya ce shi da ofishin gwamnatinmu sai dai daga nesa. Goro kawai ya karɓa. Ina fita ya kira ni da Mushe, wato Malam a bakin mutanen Damagaram.

“Mushe, wanda zai buga wannan sai mai sabon hannu. Littafin nan, harafi ɗaya ya kuskure a ciki, ordinatar ba za ta ƙara tashi ba. Kada ka ba wanin nan naka.”

Amma wanin nan na ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ofis ba kowa, wutar gari kuma ta zo. Na buɗe ɗaki, na zauna da takarda a cinya. Niyyata a fili take, in gyara, Litinin a tarar na'ura ta warke, a ce ikon Allah, a mayar da Rifkatu, ni kuma ba wanda ya ji sunana. Da ƙyar na samo baƙar tagar. Na fara bugawa da yatsa ɗaya, sai na ci karo da wata alama a rubutun Isufu, sanda ce da ta jingina ta baya. Babu irinta a tafireta, ban taɓa ganinta ba. Na bi madannai layi layi ban same ta ba. Na sa wadda ta jingina ta gaba, na'ura ta ce ba ta gane ba. Na sake, ta sake cewa ba ta gane ba. Maganar Isufu ta dawo mini, na ga in na ci gaba zan kashe ta gaba ɗaya, kuma a kan Rifkatu abin zai faɗa. Na kashe na'ura na fito. A duk Gumel mutum ɗaya na sani da zai iya buga wannan takarda.

Da na je gidanta aka ce ta tafi Gagarawa wurin yayanta mai shagon magani kusa da tasha. Ran Asabar da sassafe ina cikin mota, ana jiran mutum biyu ta cika, na sauka na hau ya fi sau biyar har direba ya ce Baba ko ka biya kujerun mu tafi. A hanya ruwan farko ya sauka, manoma duk sun fito gona da sungumi, ni kuwa ina ta jujjuya yadda zan fara magana. Na same ta a bayan shago tana ɓarar gyaɗar iri da matar yayanta. Ta rame. Ta tashi ta kawo mini kujera da ruwa, muka gaisa, ta tambayi Uwani da yara ɗaya bayan ɗaya. Na miƙa mata takardar. Ta karanta har ƙasa, ta koma sama.

“Wannan zai yi,” in ji ta. “Amma wanda ya rubuta ya san abin da aka yi mata daidai. Wa ya gaya masa?”

“Ni na gaya masa. Ni ne na yi, Rifkatu. Ran Litinin, bayan kin tafi.”

Matar yayanta ta ɗauki kwaryarta ta shige ciki. Rifkatu ta zauna a kan turmi, ta ninke takardar biyu.

“Na yi zato, Baba. Da safen ran nan na ga an buɗe ambulan, faifan farko yana ƙarshe. Kuma na ga abin da ka rubuta a littafi.”

“Me ya hana ki faɗa?”

“In faɗa wa wa? In ce Baba Sabo ne, ɗan gari, mai shekara ashirin da biyu? Ni mai kwangila? Da sun ce na ɓata na'ura, na kuma yi wa dattijo sharri.” Ta goge ido da bakin zane. “Kullum ina addu'a Ubangiji ya buɗe bakinka. Kwana goma sha ɗaya, Baba. Na riga na fara ɗaure kaya.”

Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan rana ba. Na ba ta haƙuri, kalmomin suna fita ina jin ba su da nauyi. Ta ce za ta zo Litinin.

Litinin na shiga wurin manaja na ce an samo hanyar gyara, amma sai hannun Rifkatu. Ya yi ta gunaguni, daga baya ya yarda, da sharaɗin yana tsaye. Ta cire takalmi ta zauna, ta shimfiɗa takardar Isufu. Ta buɗe baƙar taga, yatsunta suka yi ta tafiya, alamar da ta gagare ni ashe tana can gefe a ƙarƙashin ɗan yatsanta. Littafin na'ura ya buɗe, ta bi shi reshe reshe har ta kai layin, ta goge abin da ke wurin, ta buga na daidai, ta duba takarda sau uku kafin ta danna. Ta kashe ta kunna. Ta taɓa manhajar rubutu, ta buɗe lafiya. Ta zura faifan Dutse, sai ga shi yana tambaya ko a fara sa shi. Duka bai kai rabin awa ba. Manaja ya tafa hannu.

“Alhamdu lillahi! To, ta gyara abin da ta ɓata, sai a duba a yi mata sassauci. Malam Sabo, kai kuwa Allah ya yi maka albarka, irinku ne ofis.”

Ga ƙofa ta sake buɗe mini. Rifkatu ba ta kalle ni ba, allo take kallo, hannunta a cinya. Na san in na yi shiru ba za ta ce komai ba.

“Ranka ya daɗe, ba ita ta ɓata ba. Ni ne.”

Ya sa ta fita, ya rufe ƙofa. Ya zage ni iya son ransa, na cancanta. Da ya huce sai ya sassauta murya, ya ce ni nasu ne, maganar ta tsaya a ɗakin nan. Zai sabunta mata kwangila, a bar takardar tuhuma ta kwanta, ba sai an rubuta sunana a ko'ina ba. To a nan ne aikina ya hana ni. Na san takarda ba ta kwanciya. Tana cikin fayil ɗinta da lamba, lambar tana cikin littafi da rubutun hannuna, kuma duk manajan da ya zo bayan wannan zai buɗe ya ga an taɓa tuhumarta da ɓata kayan gwamnati, ba amsa a bayanta. Na koma teburina na rubuta abin da na yi, shafi ɗaya, na sa hannu, na buga hatimi, na ba shi lamba. Kwafi ɗaya a fayil ɗinta, ɗaya a nawa, ɗaya cikin jakar wasiƙun Dutse. Manaja ya ce na yi hauka.

Aka sabunta wa Rifkatu kwangila, aka soke tuhumar a rubuce. Bayan mako uku tawa takardar ta zo, an mayar da ni Sule Tankarkar in riƙe sito, ƙarin girma kuma ya wuce ni, bai sake dawowa ba har na yi ritaya. Manyanku za su tuna ɗaukar kaya a akori-kura cikin ruwa, da kukan da Hadiza ta yi na barin makarantarta, da gidan haya mai ɗaki biyu da muka cusu a ciki shekara tara. Ku kuka biya wannan tare da ni, ba a kuwa tambaye ku ba. Mahaifiyarku ba ta taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya, a ranar da muka sauka ma cewa ta yi garin yana da iska.

Ranar da za mu tashi, ana ɗaure kaya, Rifkatu ta zo da kwanon dambu ta ba Uwani. Suka yi sallama irin ta mata, da kuka da komai. Sannan ta zo inda nake tsaye a gefen mota, ta yi mini godiya a kan takardar da na rubuta, ta ce ta yafe mini har ga Allah. Sai ta ƙara da cewa:

“Baba, abu ɗaya nake so in sani, ba don riƙo ba. Da takardar mutumin Maigatari ba ta buƙaci hannuna ba, da ka zo Gagarawa?”

Direba ya danna ham. Na ce mata mota na jira, sai mun sake haɗuwa, na shiga na zauna. Mun sake haɗuwa sau da yawa bayan nan, a wurin biki da wurin rasuwa, har ta yi ritaya ta koma Filato. Ba ta sake tambaya ba, ni ma ban amsa ba. Na yi shekaru ina gaya wa kaina cewa da na je ko ta yaya, ko da daga baya ne. Amma na san zuciyar da na shiga ɗakin nan da ita ranar Juma'a. Da na'urar ta gyaru a hannuna, da ban je ba, da kuma har yau takardar tuhuma tana cikin fayil ɗinta da hatimina a kai. Hadiza, ke kike da lambar 'yarta. Ki sa a karanta wa Rifkatu wannan rubutu, amsarta ke nan.